Kafin ka biya kuɗin motar hannu, ga yadda zaka duba ta tun injin na da sanyi

Duk wanda ya zo min da maganar zai sayi motar hannu, kafin ma mu shiga zancen wace iri ce ko ta wace shekara, abu ɗaya nake fara roƙonsa, kar ya yarda a tayar da ita kafin ya iso. Ka gaya wa mai motar ko dillalin cewa da sassafe zaka zo kuma kana so ka same ta yadda ta kwana. Dalili kuwa inji idan ya ɗau zafi yana rufe aibinsa da yawa, ƙarafa sun buɗe sun cike giɓi, baƙin mai ya zagaya ko'ina, hayaƙin farko ya wuce, batir ya samu caji, sai kaji mota na rugugi lafiya lau alhali da safe sai an yi da gaske take tashi. Ni kaina an taɓa yi min haka, na je na tarar da mota an wanke ta fes an kunna esi ana jirana, na ji daɗin karamcin na biya, kwana biyu da kai ta gida na tayar da ita da asuba naga wani farin hayaƙi mai kauri ya cika gidan kuma ya ƙi yankewa. Gaskit ne ya ƙone, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da jikinsa wadda ke hana ruwa da baƙin mai haɗuwa ko shiga silinda. Tun daga ranar da na isa wajen mota abin da nake fara yi shine na ɗora bayan hannuna a kan bonet, in na ji ɗumi sai na ce zan dawo gobe.

Ka tafi da 'yar tocila, farin tsumma ko tishu, ƙaramin maganaɗisu, da kayan da baka jin tsoron su yi datti don sai ka durƙusa. In kana da makanikin da ka yarda da shi ka tafi da shi, amma naka, wanda kai zaka sallama, ba wanda mai motar ya kawo ba. Kuma da rana ake duba mota, a fili, a busasshiyar ƙasa. Da daddare ko a cikin ruwan sama kowane fenti kyau yake yi.

Fara da lambar jiki, kafin ka taɓa komai

Kowace mota tana da lambar shasi wadda ake kira VIN, tun daga 1981 Amurka ta daidaita ta zuwa haruffa da lambobi 17, kuma babu harafin I da O da Q a ciki don kar a rikita su da 1 da 0. Zaka ganta ta ƙasan gilashin gaba ɓangaren direba, da jikin ginshiƙin ƙofar direba a wata takarda da aka manna, sannan a buge a jikin ƙarfen motar, wasu a cikin ɗakin inji wasu a ƙarƙashin kujerar gaba. Duk wuraren nan dole lambar ta zo ɗaya, kuma ta dace da wadda ke cikin takardun motar harafi da harafi, kar ka karanta huɗun ƙarshe kawai ka ce shikenan. In ka ga alamar walda ko goge-goge ko sabon fenti a daidai wajen da aka buga lambar, ɗan'uwa ka tafi abinka, babu arahar da ta kai ka tsinci kanka da motar sata.

Lambar tana magana ma. Harafin farko yana nuna ƙasar da aka haɗa motar, J Japan ce, 1 da 4 da 5 Amurka, 2 Kanada, 3 Meziko, W Jamus, K Koriya ta Kudu. A motocin da aka yi don kasuwar Amurka, na goma a jere shine shekara: daga 2001 zuwa 2009 lamba ce 1 zuwa 9, sai 2010 ta zama A, 2011 B, 2012 C, haka har 2017 H, sai a tsallake I, 2018 ta zama J. Wannan yana da amfani sosai saboda akwai masu sauya wa tsohuwar mota fitilu da bamba ta koma kamar ta shekarun baya-bayan nan su ƙara kuɗi. In motar daga Amurka ta fito ka sa lambar a shafuka irin Carfax, zaka iya ganin ko ta taɓa haɗari ko inshora ta yanke mata hukuncin ba ta gyaruwa, da kuma nisan tafiyar da aka rubuta mata a baya.

Sai jiki

Tsaya daga kusurwar gaba ka ɗan sunkuya ka kalli gefen motar har baya, yadda haske ke kwanciya a jiki. Inda aka yi gyaran falanbita zaka ga hasken yana lanƙwasa kamar ruwa na motsi. Duba tazarar da ke tsakanin ƙofa da ƙofa, bonet da fenda, but da gefe, ya kamata hagu da dama su zo daidai, in ɗan yatsanka ya shiga a gefe ɗaya ya ƙi shiga a ɗayan an taɓa kwance wajen. Ɗaga robar bakin ƙofa ka leƙa, mai fenti komai gwanintarsa yakan bar feshi a kan roba ko layin da tef ya tsaya. Nannaɗe maganaɗisun da tsumma ka bi jikin a hankali, inda ya ƙi kamawa akwai ciko mai kauri a ƙasan fentin, sai dai ka sani wasu motocin bonet ɗinsu ko ƙofofi na alminiyon ne, shi kuma dama maganaɗisu baya kama shi.

Gaskiya ɗan bugu a ƙofa ko fenda bai isa ya hana ka sayen mota ba, motar da ta yi shekaru goma a titi da wuya a ce ko kwarzane babu. Abin da nake tsoro shine bugun da ya kai ga ƙashin motar. Buɗe bonet ka kalli dogayen ƙarafan nan biyu da suka taho daga gaba suka riƙe inji, in akwai lanƙwasa ko tattarewa ko walda ta hannu to ta sha mummunan karo, irin wannan ko an miƙe ta taya zata rinƙa ci gefe ɗaya har abada, kuma ranar da aka sake bugunta ba zata kare na ciki yadda aka ƙera ta ba. Haka a but, ɗaga kafet ka cire safaya taya ka kalli ramin, ya kamata ya zama sumul.

Tunda kana wajen, shinshina. Motar da ambaliya ta taɓa shanyewa ita ce mafi munin abin da zaka iya saya, don bata nuna kanta rana ɗaya, wayoyi da kwamfutocinta ne ke rubewa a hankali, yau gilashi ya ƙi sauka, gobe giya ta rikice, jibi ta mutu a tsakiyar titi babu dalili. Bayan guguwar Katrina a 2005 da ta Harvey a 2017 dubban ɗaruruwan motoci ruwa ya cinye a Amurka, kuma irin waɗannan ana busar da su a sayar su bazu ƙasashe. Na taɓa duba wata mai kyau kamar ka lashe, an fesa turare har yana hawa kai, da na tura kujerar direba baya na haska tocila sai ga tsatsa ja a kan layin dogon kujerar da kan notina, na jawo bel ɗin kujera har ƙarshensa sai ga wani layi na busasshen laka a can ciki inda mai wanki bai kai ba. Waɗannan wuraren zaka duba, da ƙarƙashin kafet, da cikin akwatin fiyus, da cikin fitilu ko akwai shatin ruwa.

Taya kuwa ka karanta shekarunta. A gefenta akwai rubutun da ya fara da DOT, lambobi huɗun ƙarshe sune mako da shekara, 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Taya tana tsufa ko ba a hawa, in ta haura shekara shida ka sa ido sosai, in ta kai goma ka lissafa kuɗin sababbi a cikin ciniki ko da zanenta na nan. In zanen ya sauka ya yi daidai da 'yan tudun nan da ke cikin kwarin, zurfin zanen saura milimita 1.6 kenan, ta ƙare. Shafa tafin hannunka a kai, cin gefe ɗaya alaimen ne ko matsalar ƙafa, cin tudu da kwari kuma yawanci shok ne ya mutu.

Yanzu ɗakin inji, kuma har yanzu ba a tayar ba

Nan ne zaka fi daɗewa. Zaro sandar gwajin baƙin mai ka goge a farin tsumma, ka mayar ka sake zarowa. Ya kasance tsakanin alamomin nan biyu. Baƙi ba laifi bane musamman a injin dizal, abin da baka so shine ka ga yana ƙyalli kamar an barbaɗa garin ƙarfe, ko ya yi kauri sosai yana jan zare, don akwai masu zuba mai mai kauri ko wani haɗi don su kashe ƙarar inji da ya gaji. Kwance murfin da ake zuba man ka juya shi ka haska cikin ramin. In ka ga baƙin dasƙararren datti kamar kwalta, motar bata samu juyen mai a kan lokaci ba. In kuma wani abu ne fari-fari mai yauƙi, ruwa ne ya haɗu da mai, wani lokacin gumi ne kawai na motar da ba a yin doguwar tafiya da ita, amma in ka same shi a jikin sandar gwajin ma to ka ɗauka gaskit ne.

Buɗe murfin lagireto, kuma wannan sai inji na da sanyi, kar ka kuskura ka buɗe shi da zafi don ruwan zai iya tsalle ya sale maka fuska. Ruwan ya zama mai launi, kore ko ja ko ruwan hoda ko shuɗi gwargwadon irin motar, ba mai tsatsa ba kuma babu mai yana yawo a samansa. Matsa manyan tiyo ɗin roba, kada su zama sun bushe suna tsagewa ko sun yi laushi sun kumbura. Kalli fambel ko ya tsattsage. In giyar otomatik ce mai sandar gwaji, man ya kamata ya zama ja ko ja mai duhu, in ya koma baƙi yana warin ƙuna giyar ta sha wuya, kodayake yawancin sababbin motoci basu da sandar ma gaba ɗaya, su sai a gwajin tuƙi. In kana da mita, batir mai cikakken caji yana nuna wajen bolt 12.6 a kashe, in an tayar ya hau tsakanin 13.5 da 14.7, in bai hau ba oltaneta baya caji.

Injin da aka wanke tas yana sheƙi ni baya burge ni, na fi son in ga ƙura, don ƙura ce ke nuna inda mai ke tsatsafowa. Durƙusa ka haska ƙasa, ka kalli inda motar ta kwana ko akwai ɗigo.

Murɗa makulli amma kar ka tayar

Wannan matakin mutane da yawa suna tsallake shi. Murɗa makulli zuwa inda fitilun dashbod ke kamawa, in mai maɓalli ce ka danna ba tare da taka birki ba. Duk fitilun gargaɗi dole su kama: ta inji, ta baƙin mai, ta batir, ta ABS (na'urar da ke hana taya kullewa in an taka birki), ta jakar iska. Wadda bata kama ba ita ce abin tambaya, domin akwai masu cire ƙwan ko su liƙe shi da baƙin tef daga ciki. Ta jakar iska takan yi 'yan daƙiƙu ta mutu da kanta, ta mai da ta batir kuma sai inji ya tashi suke mutuwa.

Toh yanzu sa wani ya tayar kai kuma ka tsaya a baya kana kallon salansa, rediyo a kashe. Ya kamata ta tashi bugu ɗaya. Siririn farin tururi da ke ɓacewa nan da nan ba komai bane. Shuɗin hayaƙi baƙin mai inji yake ƙonawa, in a tashin farko ne kawai ya wuce yawanci robobin bawul ne, in kuma yana ƙaruwa duk lokacin da aka taka totur to ringi ne. Baƙin hayaƙi fetur ne ya yi yawa, nozul ko wata sansa, wannan da sauƙi. Fari mai kauri da baya yankewa kuma yana da wani wari mai zaƙi-zaƙi, ruwan lagireto ne ke shiga silinda. Koma gaba da sauri ka saurara, ƙarar kaca-kaca a daƙiƙun farko na iya zama sarƙar taimin, wadda ke daidaita buɗewar bawul da motsin fistin, ta saki, amma bugu mai nauyi daga can ƙasan inji, ƙwal ƙwal ƙwal yana bin totur, wannan metal ne, wato 'yan ƙarafan da ƙaranshaf ke juyawa a kansu sun cinye, injin na hanyar nokin, kar ma ka tsaya ciniki. Tunda injin bai yi zafi ba tukuna, leƙa bakin lagireto ko robar ajiyar ruwa, in kumfa na tasowa ba ƙaƙƙautawa gaskit ya tafi.

In da hali a saka mata na'urar bincike. Motocin kasuwar Amurka tun daga 1996 suna da soket ɗin OBD2 mai ramuka 16 a ƙasan sitiyari, na Turai masu fetur tun 2001. Na'urar lambobin matsala take nunawa: P0300 na nufin inji na misin, wato silinda na fashin ƙona fetur, P0301 silinda ta ɗaya ce, P0171 iska ta yi yawa fetur ya yi kaɗan, P0420 kuma katalis, mai tace hayaƙi a cikin salansa, ne ya gaji ko an cire shi. Amma ga inda wayon yake, mai mota zai iya goge lambobin nan minti biyar kafin ka zo, fitila ta mutu. Sai ka ce wa mai na'urar ya duba gwaje-gwajen da kwamfutar motar ke yi wa kanta, in da yawansu suna nuna basu kammala ba to kwanan nan aka goge ko aka cire batir, ka tambayi dalili.

Lambar kilomita kar ka ba ta gaskiya ɗari bisa ɗari, ana juya ta ko ta kwamfuta ce. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, kalli robar birki da ta kuloci, fatar sitiyari, gefen kujerar direba. Motar da ke nuna 60,000 amma robar birkinta ta cinye har ƙarfe ya leƙo, akwai magana. Ka kuma tabbatar mil take ƙirgawa ko kilomita, mil ɗaya kilomita 1.6 ne, 100,000 a mil ta kai 160,000 kenan.

Gwajin tuƙi

Zagaye ɗaya a layi ba gwaji bane. Ka nemi aƙalla minti ashirin zuwa talatin, kai ne a sitiyari, ka bi hanya mai gargada, ka bi inda zaka iya sakin ta ta yi gudu, ka kuma tsaya cikin cunkoso ko ka barta a kunne da esi. In otomatik ce, kafin ka motsa taka birki ka sa giya a D ka sa a R, ta shiga a hankali cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu, in tana jinkiri sannan ta buga gum, giya na da matsala. A tafiya ka lura ko inji na ihu amma mota bata ƙara gudu, silif kenan. In manuwal ce sa ta a giya ta huɗu ko biyar kana tafiya a hankali ka take totur sosai, in allurar inji ta haura gudu bai ƙaru ba kuloci ya ƙare.

Samu fili ka murɗe sitiyari har ƙarshe ka zagaya a hankali hagu da dama, ƙas ƙas ƙas shaf ne. A gargada ƙwanƙwasa daga ƙasa bolojoyin ne ko bushin ko shok. Gurnani mai ƙaruwa da gudu wanda ke canza murya idan ka ɗan karkata, boris ɗin taya ne. A miƙaƙƙiyar hanya mara mutane sassauta hannu ka gani ko tana ja gefe, sannan ka taka birki da ɗan ƙarfi, in sitiyari na rawa faifan birki ya lanƙwashe, in fedar na nutsewa a hankali ƙarƙashin ƙafarka masta ce, wato famfon da ke tura man birki, ko yoyon man birki. Yawancin waɗannan na ƙafa gyaransu ba tashin hankali bane, rubuta su kawai zaka yi a rage maka a kuɗi. Inji da giya da ƙashin mota da ruwan ambaliya, su ne ake fasa ciniki a kansu.

Idonka na kan allurar zafi duk tsawon tafiyar. Ya kamata ta hau zuwa wajen tsakiya cikin 'yan mintuna ta tsaya cak, injin mota yana aiki ne a kusan digiri 90. In ta wuce tsakiya a cunkoso akwai matsala, in kuma ta ƙi hawa sam ko fanka na juyawa tun daga tashin farko ba tsayawa, wataƙila an cire tamostat, abin da ke daidaita zafin ruwan inji, an haɗa fankar kai tsaye, kuma sau da yawa ana yin haka ne don a ɓoye motar da ke obahitin. Da kun dawo kar a kashe, sake durƙusawa ka haska ƙasa, yoyon da aka goge da safe yanzu zai fito. Sannan a kashe a jira minti biyu a sake tayarwa da zafinta.

Takardu da biyan kuɗi

Sunan da ke takardar mallaka ya zama na wanda ke sayar maka, in ba shi bane ka nemi ganin mai ita ko rubutaccen izininsa. In shigo da ita aka yi a nuna maka shaidar biyan kuɗin kwastan ka tantance a hukumar da ta bayar, ka kuma bincika ko akwai bashin banki a kanta. A rubuta yarjejeniya da cikakkiyar lambar shasi da lambar inji da kilomita da kwanan wata, da shaidu, ka biya ta hanyar da zata bar shaida, ka karɓi makullai biyu in akwai don makullin zamani mai kwamfuta yin sabo ba ƙaramin aiki bane. In ana ta matsa maka wai wani na hanya da kuɗi a hannu, ka bar masa, sauri ya haifi nawa.

Da ta zama taka, satin farko ka juye baƙin mai da filta ko an rantse maka jiya aka yi, don daga ranar ne lissafinka zai fara. Ka tambayi makanikinka injin nan bel yake amfani da shi a taimin ko sarƙa. In bel ne, galibi ana canza shi tsakanin mil 60,000 da 100,000 gwargwadon abin da littafin motar ya ce, kuma a injina da yawa idan ya tsinke a tafiya fistin ne ke haɗuwa da bawul ya lanƙwasa su. In babu takardar da ta nuna yaushe aka canza shi, canza shi tare da famfon ruwa da tenshina a aiki ɗaya, ka sa a rubuta kilomitar da ranar a ɗan lasitika a manna a ƙarƙashin bonet.